Tarihin Mahaɗi Tsakanin Harsunan Kwamfuta da Rabon Hausa a Cikinsa



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau wani ɓangare ne na tarihin kwamfuta wanda ba kasafai ake kula da shi ba, har ma a tsakanin masu sana'ar. Idan ana ba da wannan tarihi, akan ambaci waɗanda suka ƙera injuna, da waɗanda suka ƙago harsunan da ake ba injunan umurni da su. Amma akwai wasu mutane na uku, watau waɗanda suka yi aikin haɗa wani harshen kwamfuta da wani, domin abin da aka rubuta da wannan ya amfani mutumin da wancan kaɗai ya iya. Abin da suke ginawa shi za mu kira mahaɗi a cikin wannan lacca. Manufata ita ce in nuna cewa ilmin da aka tara a cikin manhaja ba ya isa ga yawancin jama'a sai ta wannan mahaɗi, sa'an nan kuma rabon harshen Hausa a cikin kwamfuta, yawansa ko ƙarancinsa, ya rataya ne a kan wanda ya gina mahaɗin da yadda ya gina shi.

Mutanen ƙasar Rano da Kibiya ba za su sha wuyar gane wannan magana ba. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda take maƙwabtaka da Rurum, ta tare ruwan da ya kusa mita biliyan biyu na awon cikin tafki. To, amma manomin Kadawa ko na Kura bai taɓa ban ruwa daga bakin madatsar ba. Ruwan sai ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar magudana, daga nan ya rarrabu cikin ƙanana, kowace da ƙofarta, kafin ya kai ga gona. Ranar da ƙofa ɗaya ta toshe, tafkin yana cike amma shuka tana bushewa. Madatsar ita ake ɗauka hoto, magudanar kuwa sai ta lalace ake tunawa da ita. Haka lamarin mahaɗi yake.

Harsuna iri biyu

Kwamfuta ba ta jin kome sai lambobi, watau umurnin da aka tsara wa ƙwaƙwalwarta tun daga masana'anta. Mutum kuwa ba ya iya rubuta dogon aiki da lambobi zalla. Saboda haka aka ƙago harsunan da mutum zai rubuta da su, kuma aka bi hanya biyu wajen isar da rubutun ga inji.

Hanya ta farko ita ce a ɗauki rubutun gaba ɗaya a ba wata manhaja, wadda za mu kira majuyi, ta juya shi zuwa lambobin inji sau ɗaya tak, a ajiye. Wannan kamar fassarar littafi ce: ana shan wahala da farko, amma da zarar an gama sai karatu ya yi sauri. Harsunan da suka bi wannan hanya sun haɗa da Fortran, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, da C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a ɗakunan bincike na Bell a 1972, da ƙanensa C++ na Bjarne Stroustrup, wanda ya shiga kasuwa a 1985. Za mu kira su harsunan juyi.

Hanya ta biyu ita ce a sa wata manhaja ta tsaya tsakani kamar tafinta a gaban alƙali, mutum yana faɗa tana isarwa nan take. Harsunan tafinta, irin su Perl da Tcl da Python, suna da sauƙin koyo, kuma mai rubutu yana ganin sakamakon abin da ya rubuta ba tare da jira ba. Aibinsu shi ne nawa. Lissafin da harshen juyi zai gama cikin daƙiƙa ɗaya, harshen tafinta yakan ninka lokacin sau goma ko fiye da haka. Kowane ɓangare ke nan yana da abin da ɗaya ya rasa, wannan sauri, wancan sauƙi.

Asalin rumbun manhaja

Tun kafin a sami waɗannan harsuna masu aikin suka lura cewa akwai ƙananan ayyuka da ake maimaitawa kullum. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda injin EDSAC ya fara aiki a 1949, Maurice Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill suka riƙa huda irin waɗannan ayyuka a kan zaren takarda suna adanawa. Wanda yake bukata sai ya ɗauko ya kwafa a cikin nasa aikin. Wannan tari na ayyukan da aka riga aka rubuta, aka jarraba, aka tabbatar da ingancinsu, shi za mu kira rumbu.

A shekarun 1970 masana lissafi a Amurka suka cika manyan rumbuna da harshen Fortran, kamar EISPACK da LINPACK, na biyun ya fito a 1979. Matsalar ita ce, sai wanda ya iya Fortran ne yake iya buɗe su. Wani malamin lissafi a Jami'ar New Mexico, Cleve Moler, ya ga ɗalibansa suna ɓata lokaci wajen koyon harshen maimakon lissafin da suka zo koyo. Sai ya rubuta musu wani ɗan ƙaramin tafinta a ƙarshen shekarun 1970, ɗalibi ya buga tambayarsa a sauƙaƙe, tafintan ya kira rumbun a madadinsa. Wannan shi ne asalin MATLAB. A nan muka fara ganin tsarin da ya wanzu har yau: aiki mai nauyi yana ƙasa cikin harshen juyi, mai amfani yana sama cikin harshen tafinta.

Zamanin harsunan tafinta

Daga ƙarshen shekarun 1980 abin ya bunƙasa. Larry Wall ya fitar da Perl a 1987. A 1988 John Ousterhout na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ƙago Tcl, da nufin tun farko ya zama harshen da za a liƙa wa manhajojin da aka rubuta da C. A watan Fabrairu na 1991 Guido van Rossum ya saki Python daga wata cibiyar binciken lissafi a Amsterdam, kuma ya bar ƙofa a buɗe yadda kowa zai iya ƙara masa sassa da harshen C.

Akwai misali guda da ya kamata mu 'yan ƙasashe masu tasowa mu tsaya a kansa. Daga 1977 zuwa farkon shekarun 1990 ƙasar Brazil ta tsaurara shigo da kayan kwamfuta daga waje. Malaman wata jami'a a Rio de Janeiro, waɗanda suke yi wa kamfanin man fetur na ƙasar, Petrobras, aiki, sai suka saba da ƙera nasu kayan. A 1993 Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu suka fitar da Lua, ƙaramin harshen tafinta da aka tsara musamman domin ya haɗu da C cikin sauƙi. Bukatar gida ce ta haife shi, amma daga baya ya zagaye duniya, musamman a wajen masu ƙera wasannin kwamfuta.

A waɗannan shekaru da hannu ake rubuta mahaɗi. In rumbu yana da ayyuka ɗari biyar, sai mutum ya zauna ya rubuta wa kowanne ɗan rubutun da zai karɓi saƙo daga sama ya miƙa ƙasa. A 1995 David Beazley yana aiki a cibiyar bincike ta Los Alamos, inda masana kimiyya suke kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra miliyoyi a kan wani babban inji. Suna son su riƙa sarrafa lissafin yana cikin tafiya, amma rubuta mahaɗi da hannu ya zama musu kaya, tun da yake rumbun nasu kullum canzawa yake yi. Sai ya rubuta wata manhaja mai suna SWIG, wadda take karanta jerin ayyukan rumbu ta rubuta mahaɗin da kanta. Ya sake ta ga jama'a a 1996. Amfaninta shi ne, daga bayani guda ɗaya ana iya fitar da mahaɗin Tcl da na Perl da na Python.

A wannan shekara ta 1995 kuma Jim Hugunin ya fara Numeric, wanda Travis Oliphant ya haɗa da wani makamancinsa ya zama NumPy a 2006. Ta wannan hanya ɗalibin da yake rubuta Python a yau yana amfani da LAPACK, magajin LINPACK, wanda aka rubuta da Fortran aka fitar a 1992, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Bayan SWIG wasu kayan aikin sun biyo baya, kamar Boost.Python a farkon shekarun 2000, da ctypes wanda ya shiga cikin Python kansa a 2006, da Cython a 2007, da pybind11 na Wenzel Jakob a 2015.

Abin da mahaɗi yake yi

Yanzu bari mu duba cikin mahaɗin. Ayyukansa manya uku ne.

Na farko shi ne musayar siffa. Harsuna biyun ba sa ajiye abu iri ɗaya. Alal misali, C yana jera haruffan kalma ya rufe da sifiri a matsayin alamar ƙarshe, Python kuwa yana riƙe da adadin haruffan a gefe. Dole mahaɗi ya karɓi kalmar a siffar wannan, ya mayar da ita siffar wancan, sa'an nan ya yi haka ga amsar da za ta dawo.

Na biyu shi ne sanin mai kaya. A harshen C, wanda ya ari wuri a ma'ajiyar inji shi zai mayar da hannunsa. Python kuwa yana ƙirga masu riƙe da kowane abu, in ƙirgen ya koma sifiri sai ya share shi. In mahaɗi bai tantance wa ke da alhakin sharewa ba, ɗayan biyu zai faru: ko kowa ya bar wa ɗan'uwansa har ma'ajiyar ta cika, ko kuwa ɗaya ya share abin da ɗayan yake cikin amfani da shi, aikin duka ya rushe.

Na uku shi ne isar da labarin kuskure. Rumbun C yakan mayar da wata lamba ce kurum in abu ya ɓaci. Mahaɗi ne zai duba lambar ya mayar da ita gargaɗin da mai rubutu zai fahimta.

Gininsa kuma yana da matakai. Sai an fara girka rumbun kansa a kan injin, tare da fayilolin fihirisarsa, watau waɗanda suka jera sunayen ayyukan da ke ciki da irin abin da kowanne yake karɓa. Sai an sami fihirisar shi harshen tafintan ma. Sai an sami majuyi, kamar GCC wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987. Sai an gaya wa majuyin inda waɗannan fayiloli suke. Daga nan ya juya rubutun mahaɗin zuwa lambobin inji, a ajiye abin da ya fito a wurin da tafinta yake duba sassansa. Ko bayan wannan da saura, domin duk lokacin da aka kira mahaɗin sai babbar manhajar injin ta nemo rumbun ta haɗa su. Matakai shida ke nan ko bakwai, kuma in ɗaya ya kuskure, sauran duk sun tashi a banza.

Haruffan Hausa

To, ina ruwan Hausa da wannan duka? Amsar tana cikin haruffanmu masu ƙugiya. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka karɓi ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, aka bar ɗige-ɗige da alamomin da ake sawa a da. A Jamhuriyar Nijar kuma akan rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y. Amma sa'ad da Amurkawa suka tsara wa kwamfuta jadawalin haruffa na ASCII a 1963, gurabu 128 kaɗai suka tanada, babu ko ɗaya daga cikin namu. Sai a 1991, da aka fitar da jadawalin Unicode, waɗannan haruffa suka sami lambobinsu na dindindin.

Samun lamba bai kashe magana ba, domin lambobin ba su bi jerin abacada ba. Babban D lambarsa 68, babban K 75, babban Z kuma 90. Amma babban Ɓ lambarsa 385, Ɗ 394, Ƙ kuwa 408. Mu ɗauka malamin firamare a Rurum Sabon Gari yana da sunayen 'yan ajinsa, ya ce wa Python ya jera masa su. Tun da yake Python lambobi yake kwatantawa, zai ba shi Dauda, Kabiru, Zainab, sa'an nan Ɗanladi da Ƙasimu a can ƙarshe, bayan Z. A aji guda wannan abin dariya ne. A rajistar asibiti, ko jerin manoman da za a raba wa taki, ko ƙamus mai kalmomi dubbai, mai neman suna zai duba inda ya kamata ya same shi, bai gani ba, ya ɗauka babu.

Maganin wannan yana nan a rubuce cikin wani rumbu mai suna ICU. Asalinsa daga Taligent ne, kamfanin haɗin gwiwa da Apple da IBM suka kafa a 1992. IBM ya sake shi kyauta ga jama'a a 1999, kuma a 2016 ya koma hannun ƙungiyar Unicode. Wannan rumbu yana ɗauke da ƙa'idodin harsuna masu yawa daga wata taska mai suna CLDR, kuma Hausa tana ciki. Ƙa'idar Hausar ta ce ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, sa'an nan ta ɗauki sh da ts kowannensu harafi guda, watau Sule zai gabaci Shehu, Tukur ya gabaci Tsoho. Sai dai da C da C++ da Java aka rubuta ICU. Malaminmu da ya koyi Python kaɗai ba shi da hanyar shiga sai ta mahaɗi, kuma wanda aka fi sani shi ne PyICU, wanda Andi Vajda ya rubuta.

A nan duk abubuwan da na lissafa a baya suke bayyana. ICU yana ajiye rubutu a ma'auni mai gurabu goma sha shida, Python kuwa tun daga bugunsa na 3.3 a 2012 yana ba kowane harafi bayit ɗaya ko biyu ko huɗu, gwargwadon harafin da ya fi girman lamba a cikin kalmar. Kowace kalma sai mahaɗi ya sauya mata siffa, shiga da fita. Bugu da ƙari, ICU yana liƙa lambar bugunsa a jikin sunan kowane aiki. Aikin da yake buɗe ƙa'idar jeri sunansa ucol_open, amma a cikin bugu na 74 ainihin sunansa ucol_open_74. Mahaɗin da aka gina a kan bugu na 72 zai zo yana kiran suna mai 72, ba wanda zai amsa. Saboda haka, mutum yana iya sabunta babbar manhajar injinsa da dare, gari ya waye aikin da yake tafiya jiya ya ƙi tashi, alhali bai taɓa ko harafi ɗaya na rubutunsa ba.

Wahalar girkawa da yadda aka rage ta

Shekaru masu yawa al'ada ita ce a ba mutum asalin rubutun mahaɗi ya gina da kansa. Taskar PyPI, wadda aka buɗe a 2003 domin rarraba sassan Python, haka ta fara. Wanda yake jami'a mai ma'aikatan kula da injuna ba ya jin nauyin abin. Wanda yake shi kaɗai, musamman mai amfani da Windows inda majuyi ba ya zuwa tare da injin, yakan kwana biyu yana fama da saƙonnin kuskure kafin ya fara aikin da ya zauna yi. Wani ma'aikacin bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Christoph Gohlke, ya shafe fiye da shekara goma yana gina ɗaruruwan irin waɗannan sassa yana ajiye wa jama'a kyauta, har masu bincike a ƙasashe da yawa suka dogara da aikin mutum guda.

Gyaran ya zo a hankali. A 2012 aka tsara wani irin ƙunshi da aka raɗa wa suna wheel, wanda yake ɗauke da mahaɗin da aka riga aka gina. A wannan shekara kuma conda ta fito, mai rarraba mahaɗi tare da rumbunsa. A 2016 aka amince da ƙa'idar manylinux, wadda ta ce a gina ƙunshi a kan tsohuwar babbar manhaja, domin abin da ya yi aiki a kan tsohuwa zai yi a kan sababbi. Hikimar duka ɗaya ce: gwani ɗaya ya sha wahalar gini sau ɗaya, dubbai su huta.

Amma wannan sauƙi yana da farashi, domin mai gini shi yake zaɓen abin da zai shiga ƙunshi. Bayanan harsunan da ke cikin ICU sun kai wajen megabayit talatin. Domin rage nauyi, masu gina Node.js, wata manhaja da ake tafiyar da harshen JavaScript da ita, sun yi shekaru suna rarraba ta da guntun waɗannan bayanai wanda ya fi karkata ga Ingilishi, sai a bugu na 13, a 2019, suka fara sa cikakken. Ba wanda ya yi haka don ƙin wani harshe. Lissafin nauyi aka yi, amma harsunan da ba su da wakili a wurin lissafin su ne suka faɗi. Masu harshen R sun bi wata hanyar: sashen stringi na Marek Gagolewski yana tafe da kwafin ICU nasa, wanda ake ginawa in injin ba shi da wanda ya dace.

Har wa yau, gini ba ya ƙarewa. Python 3, wanda ya fito a watan Disamba na 2008, ya mayar da Unicode asalin siffar rubutu, abin da ya amfani Hausa ƙwarai. Amma canjin ya tilasta a gyara mahaɗai masu ɗimbin yawa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a yi ban kwana da Python 2 ba sai a farkon 2020. A watan Yuni na 2024 ma, da NumPy na 2 ya fito, sai da aka sake gina sassan da suka jingina da shi.

Hausa a sabon bincike

A 'yan shekarun nan an shiga koya wa kwamfuta sarrafa harsunan Afirka. Ƙungiyar Masakhane, wadda ta kafu a 2019, ta tattara masu bincike daga ƙasashe daban-daban. A 2021 aka fitar da AfriBERTa daga Jami'ar Waterloo ta Kanada, wanda aka horar da harsunan Afirka goma sha ɗaya, har da Hausa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin gajerun saƙonnin Twitter wajen dubu talatin a kowane ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci, da ƙasa da haka a Turancin Buroka, an yi wa kowane saƙo alamar yabo ne, ko suka, ko tsaka-tsaki.

Irin wannan bincike da Python ake rubuta shi, amma Python saman ruwa ne kawai. Manhajar SentencePiece, wadda Taku Kudo da John Richardson na Google suka bayyana a 2018, wadda kuma da ita aka yayyanka kalmomin AfriBERTa, da C++ aka rubuta ta, aka yi mata mahaɗi da SWIG, watau wannan kayan aiki da aka ƙago a Los Alamos domin ƙwayoyin zarra. PyTorch, wanda ake horar da injin da shi, cikinsa C++ ne, kuma yana amfani da pybind11. Kowace kalmar Hausa da ta shiga wannan bincike ta ƙetare mahaɗi fiye da ɗaya kafin ta kai ga inda ake lissafin.

Kammalawa

Jama'a, daga zaren takardar Kambirij zuwa yau abu ɗaya ne yake maimaita kansa. Ana tara ilmi a rumbu, ya zauna a hannun 'yan kaɗan, sai wani ya zo ya buɗe masa hanya, kamar yadda Moler ya yi wa ɗalibansa, Beazley ya yi wa abokan aikinsa, Gohlke ya yi wa mutanen da bai taɓa gani ba. Mun kuma ga cewa a wurin ginin ne ake yanke shawarar harshen da zai shiga da wanda za a bari.

Saboda haka ina da shawara uku ga jami'o'inmu. Ta farko, kada koyar da Python ya sa a yi watsi da C da aikin majuyi. Ɗalibin da ya iya kiran rumbu amma bai iya gina mahaɗinsa ba, ranar da abin ya ƙi tashi sai ya naɗe hannu ya jira wani a wata ƙasa ya gyara masa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ya kamata kowane ɗalibin wannan fanni, kafin ya gama, ya gina mahaɗi ɗaya da hannunsa tun daga tushe. Ta biyu, kowace jami'a ta ajiye ginannun ƙunsoshi a kan injunanta na cikin gida, waɗanda aka jarraba da rubutun Hausa, domin ɗalibin da ya fito daga Rano ko Kibiya, inda wutar lantarki da kuɗin intanet suke da wuya, kada ya ƙarar da guzurinsa wajen sauko da majuyi. Ta uku, malaman sashen harsunan Nijeriya da na sashen kwamfuta su zauna tare su duba ƙa'idodin Hausa da ke cikin CLDR, tun da yake ƙofar gyara a buɗe take ga masu harshe. Ko sh harafi guda ne a wajen jeri ko biyu, da yadda za a daidaita 'y da ƴ tsakanin Nijeriya da Nijar, tambayoyi ne da masana Hausa suka fi kowa cancantar amsawa, kuma amsar da aka rubuta a can ita injuna da yawa za su bi.